Yadda Muka Samu Yafiyar Kuɗin Hayar Zaure don Taron Tsara Sufuri a Tawa

Taron wuni biyu ne na tsara harkar sufuri a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, da mutum 80 a takardar gayyata: injiniyoyin hanya, jami'an sufuri, wakilan gundumomi 12 na jihar, shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, sarakunan tasha, 'yan kasuwar albasa da na dabbobi, da wakilan 'yan kabu-kabu da masu adaidaita. Mu ne kwamitin shirya shi. Kuɗin da ke hannunmu ba zai iya biyan hayar zaure ya kuma ɗauko mutanen nesa ba, don haka muka roƙi hukumar da ke da zauren ta yafe mana kuɗin haya, kuma ta yafe. Sai dai hanyar tana da lunguna, kuma mafi yawan masu shirya taro a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Wani babba zai ce musu, "Ba komai, ku je ku yi taronku," su koma gida da murna. Wannan magana ba ta buɗe ƙofar zaure. Abin da ke buɗe ta takarda ce mai lamba da kwanan wata, ɗauke da sa hannun wanda doka ta ba ikon yafewa.

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, a fara sanin zauren na wane ne. A Tawa zaurukan jama'a ba a hannu ɗaya suke ba. Akwai na ofishin gwamna, akwai na hukumar jiha, akwai na ma'aikatar magajin gari, ga gidan matasa da al'adu, ga ɗakunan lacca na Jami'ar Djibo Hamani, ban da na ma'aikatun gwamnati daban-daban. Shi kansa birnin yana da hukumar birni da da'ira biyu a ƙarƙashinta, don haka ana iya kai takarda gidan da bai dace ba, ta kwanta can babu mai ikon amsa ta. Mai riƙe da mabuɗi sau da yawa ba shi ke da iko ba. Tambaya uku muka yi wa mai kula da zauren tun a zaman farko: asusun wace hukuma kuɗin haya ke shiga, wa ke sa hannu a kan izinin amfani da zauren, kuma ina takardar da ta yanke farashi. Amsar tambaya ta farko ita ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Dalilin da ya sa maganar baki ba ta isa yana cikin tsarin kuɗin gwamnati. Dokar da ta tsara ƙananan hukumomi da jihohi a Nijar, mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010, ta ɗora wa majalisar kowace hukuma yanke kasafin kuɗi da sha'anin kadarorin hukuma. Kuɗin hayar zaure kuɗin shiga ne da aka ƙiyasta a kasafin shekara, wanda ke tafiya daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Shugaban hukuma shi ke ba da umarnin a karɓa ko a kashe, ma'aji kuma shi ke karɓa ya ajiye, kuma ba a haɗa aikin biyu a hannun mutum ɗaya. Idan masu binciken kuɗi suka buɗe littafin zaure suka ga an yi taro wuni biyu, suka duba asusu ba su ga kuɗi ba, ba su kuma ga takardar yafiya ba, ma'aji da mai karɓar kuɗin zaure ne za su amsa, wani lokaci daga aljihunsu. Shi ya sa idan mai karɓar kuɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, sai na ga takarda," bai kamata a ji haushinsa ba. Kansa yake karewa, kuma gaskiya ce da shi.

Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da ƙananan hukumomi da birane. Wannan ya gajarta hanya ta wani ɓangare, tun da ba a jiran zaman majalisa. Amma bai soke buƙatar rubutacciyar shawara ba. Zauren da muka nema na hukumar birni ne, don haka wasiƙarmu ga kantoma muka rubuta ta, ta hannun babban sakatare.

Wasiƙar shafi ɗaya ce, da Faransanci kamar yadda ofisoshi ke karɓa. Wanda ya sa mata hannu yana da muhimmanci ƙwarai. Kwamitin shirya taro ba hukuma ba ne, ba shi da hatimi, ba kuma wanda zai kama shi idan kujera ta karye. Daraktan ma'aikatar da ta kira taron ne ya sa hannu, a kan takarda mai tambarin ofis. A cikin wasiƙar mun faɗi ranakun biyu da awoyinsu, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, mun ƙara da yammacin jajibiri don jera tebura da gwada lasifika. Wannan yammaci da yawa suna mantawa da shi, sai su tarar an ba wasu zauren don walima har dare, su wayi gari suna share shinkafa mahalarta na tsaye a ƙofa. Mun kuma rubuta adadin kuɗin da muke roƙon a yafe, da lambobi da kalmomi. Farashi ya bambanta daga zaure zuwa zaure, amma don lissafi ya fito, a ɗauka jika 100 ne na sefa a wuni: wuni biyu jika 200 ke nan, rabin wunin jajibiri jika 50, jimla jika 250. Wannan jimlar ce za a rubuta. Wasiƙar da ta ce "muna roƙon a ba mu zaure kyauta" ba tare da adadi ba tana barin ma'aji cikin duhu, bai san abin da zai cire daga lissafinsa ba.

Takardu huɗu muka liƙa a bayanta: takardar manufa da tsarin taron, jadawalin awa-awa, jerin ƙungiyoyi da ofisoshin da aka gayyata da adadin kujerun kowanne, sai cikakken kasafin kuɗin taron. Na ƙarshen nan shi ne wanda mutane ke jin nauyin nunawa, alhali shi ya fi kowanne aiki. A cikinsa mun bar layin hayar zaure da ainihin farashinsa, muka rubuta a gefensa cewa gudummawar hukumar birni ce ake nema. Muka kuma nuna ƙarara inda kuɗin da aka tsira da shi zai tafi.

A nan ne hujjar take, kuma a nan muka fi ɓata lokaci wajen rubutu. Kantoma yana karɓar roƙon yafiya daga ƙungiyoyi iri-iri, kowa yana cewa taronsa na jama'a ne. Faɗin haka kawai ba ya bambanta ka da kowa. Abin da muka yi shi ne nuna cewa maganganun da za a tattauna matsalolin birnin ne kansa. Tawa mahaɗa ce. Daga kudu hanya na zuwa daga Tsarnawa, inda ta rabu da babbar hanya mai lamba 1 da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram. Daga Tawa kuma hanyar yuraniyom ta miƙe zuwa Abalak da Agadas har Arlit. Manyan motocin da ke bin waɗannan hanyoyi a cikin gari suke tsayawa, a bakin titi suke kwana, kwaltar birni suke ci. Inda za a yi musu wurin tsayawa, yadda za a shirya tashoshin mota, ƙa'idar da za a ɗora wa 'yan kabu-kabu da adaidaita, duk aikin hukumar birni ne ko da taro ko babu. Mun rubuta cewa shawarwarin da za su fito za a miƙa su don shigarwa cikin tsarin raya birni da tsarin raya jiha, kuma mun ware wa ma'aikatan fasaha na birnin kujera 4 da rabin awa a jadawali don su kawo nasu bayani. Da haka hukumar ta zama abokiyar shirya taro, kuma sa hannu a kan yafiya ya yi wa mai sa hannun sauƙin karewa idan an tambaye shi.

Sashe na biyu na hujjar shi ne mutanen nesa. Taron tsara sufuri da za a yi da ma'aikatan ofis kaɗai ɓata lokaci ne, a ganinmu. Injiniya ya san tsawon hanya da faɗinta da shekarar da aka zuba mata jar ƙasa. Amma direban da ke bin hanyar Keita da Buza kowane mako shi ya san koramar da ke yanke hanya da zarar an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ya san awa nawa ake zama a bakinta kafin ruwa ya janye. Mai lodin albasa daga Galmi da Madawa ya san asarar da tsayuwar wuni ɗaya ke jawowa cikin zafin Afrilu, buhunan suna ruɓewa tun ba a kai iyaka ba. Masu ɗauko siminti daga Malbaza da masu ƙetare iyaka ta Ƙonni suna da nasu labarin game da awon nauyi da shingaye. Wakilan Tasara da Tiliya, gundumomin da aka sa wa dokar ta-ɓaci a 2017, tafiyarsu doguwa ce mai tsada, sai sun taso tun kafin ranar, sun kwana a Tawa dare uku. Direba kuma idan ya ajiye motarsa wuni biyu, abincin gidansa ya ajiye. Mun nuna a kasafi cewa kowane jika da aka yafe zai tafi kuɗin mota da masaukin waɗannan mutane, ba ƙarin guzurin manya ba. Babban sakataren da ya karanta wurin nan ya tsaya ya yi mana tambayoyi, ya ce a ƙara sunayen gundumomin ɗaya bayan ɗaya da kuɗin motar kowanne, muka ƙara.

Kai takarda shi ma da yadda ake yi. Ofishin karɓar wasiƙu ake kai ta, kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da lamba da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi. Kada a miƙa ta hannu da hannu ga babban mutum a wurin suna ko bayan sallar Juma'a, don takardar da ba ta shiga rajista ba a idon ofis ba ta zo ba. Da wannan lamba ake bin sawu. Hanyar da takarda ke bi kusan ɗaya ce: rajista, babban sakatare, ofishin kuɗi ko mai kula da zaure don su ba da ra'ayi, kantoma, sannan ta sauko. A ba ta aƙalla mako shida kafin ranar taro. Wanda ya zo saura kwana goma yana tilasta wa mutane su amsa masa da baki, shi kuma amsar baki mun riga mun faɗi darajarta. Ranar Juma'a rabin wuni ake aiki, kada a lissafa ta cikin ranakun bin sawu. Mutum ɗaya muka wakilta ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, da ladabi, yana tambayar teburin da takardar take. Idan mutum biyar suna kiran waya kowa da nasa babban, sai ofis ya gaji da ku.

Amsar da ta fito shawara ce rubutacciya, kuma ya kamata a karanta ta kalma-kalma kafin a yi godiya. Tamu ta ambaci sunan zauren, ranaku, adadin da aka yafe, da sharuɗɗa. Abin da muka dage a kai shi ne a rubuta a ƙasanta waɗanda za a aika wa kwafi: ma'aji, mai kula da zaure, da mu. Ba mu jira masinja ba, mu da kanmu muka kai wa mai kula da zaure nasa, muka tsaya har ya rubuta ranakunmu a littafin ajiye rana da biro. Akwai waɗanda suka samu yafiya amma suka rasa zauren, don yafiya daban, ajiye rana daban. Kantoma ya yafe kuɗi, amma littafin yana nuna ranar babu kowa, sai wani mai biya ya zo ya kama ta.

Yanzu ga abin da ya fi ba mutane mamaki. Hayar ɗaki kawai aka yafe. Duk abin da sai an fitar da kuɗi a saya yana kanku, kuma daidai ne, don hukuma za ta iya haƙura da kuɗin da bai shigo ba, amma ba za ta ciro daga asusunta ta saya muku gazuwal ba. Wuta ce babba. A bazara, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, zaure mai mutum 80 ba ya zaunuwa in na'urorin sanyaya ɗaki suka tsaya, kuma a lokacin ne aka fi samun ɗaukewar wuta. A tambayi ƙarfin injin wutar zauren, a kuma tambaya ko yana ɗaukar na'urorin sanyi ko fitilu da fanka kawai. Inji mai ƙarfin kVA 30 da aka ɗora wa kaya sosai yana shan kusan lita 5 zuwa 6 a awa. Awa 9 a wuni, wuni biyu, ya kama lita 100 ko ɗan sama idan wuta ba ta zo ba sam. Mun tanadi lita 60 a jarka, muka shirya da mai gidan mai a kan ƙari idan ta kama, muka kuma rubuta cewa abin da ya rage namu ne. A tayar da injin a jajibiri a bar shi rabin awa da dukan na'urori a kunne. Batir mai rauni da matatar mai da ta toshe da ƙura su ne suka fi kashe inji a tsakiyar jawabi, kuma duka biyun ana gane su a gwajin rabin awa.

Kujeru kuma a ƙirga su da hannu. Adadin da ke rubuce a takardar zaure na jerin kujeru ne kamar na kallon wasa. Taron tsara hanyoyi yana buƙatar tebura, don za a shimfiɗa taswira a yi aiki ƙungiya-ƙungiya, kuma zaman tebur yana cin kusan murabba'in mita 2 ga kowane mutum. Zauren da aka ce yana ɗaukar mutum 200 da kyar zai ɗauki 100 a haka. Mu ƙungiya huɗu muka raba, kowace mutum 20, biyu a ciki, biyu a rumfar da muka kafa a tsakar gida, don ƙungiya huɗu a ɗaki ɗaya ba mai jin wani. Hayar rumfa, tebura 12 na ƙari, makirfo biyu marasa waya da baturansu, ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowa a wuni, butoci da tabarmin sallah, sabulu da mai share ban-ɗaki safe da rana, duk mun sa su a kasafi tun farko. Haka ma ɗan abin hasafi ga maigadi da mai lantarki da masu shara, waɗanda ke zuwa kafin kowa su tashi bayan kowa. A zaurukan da ake biya, wani lokaci daga cikin kuɗin haya ake ba su wani abu. Idan aka yafe muku kuka manta da su, a kansu yafiyar ta faɗa. Mun rubuta sunan aikin kowanne da adadinsa, suka sa hannu a takardar karɓa.

Kuɗin jingina ba a yafe shi ba, mu ma ba mu roƙa ba. An ajiye shi da takardar shaida, aka dawo mana da shi bayan taro. Abin da ke sa ya dawo cikakke shi ne takardar ƙidayar kaya: a jajibiri mu da mai kula da zaure muka zaga tare, kujera nawa, nawa ne masu karyayyar ƙafa, fanka nawa ke juyawa, wane gilashi ne ya riga ya tsage, muka ɗauki hoto da waya, muka sa hannu mu biyu. Bayan rufe taro aka sake zagawa da takardar nan a hannu.

Akwai sharaɗi ɗaya da kusan kowane zauren gwamnati ke da shi, a rubuce ko ba a rubuce ba: idan babban taron hukuma ya taso ko manyan baƙi suka zo daga Yamai, za a karɓe zauren. Wanda bai biya ba shi aka fi saurin ɗagawa. Ba a iya hana wannan, amma ana iya rage ɓarnarsa. Mun roƙi a rubuta cewa in hakan ta faru za a sanar da mu da wuri kuma yafiyar za ta bi mu zuwa sabuwar rana ba sai an sake wasiƙa ba. Mun kuma yi magana da wata makaranta a kan babban ɗakinta, ko da za a buƙata. Gayyatar gwamna ko wakilinsa ya buɗe taron tana taimakawa, don ranar takan shiga jadawalin ofishinsa, ga shi dama dole a sanar da hukumomin jiha da jami'an tsaro taron da zai tara mutane daga gundumomi 12. Wajen zaɓen rana mun kauce wa Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, da Litinin da direbobi ke komawa da kaya. Mun kauce wa damina saboda koramu, da makonnin ƙarshen Disamba da kowane ofishi ke rige-rigen yin taronsa kafin a rufe kasafi.

Ba kowane taro ne ya cancanci yafiya ba, kuma wannan muna faɗinsa da gaske. Idan mai ba da tallafi ya riga ya ware kuɗin zaure a kasafinsa, a biya. Roƙon yafiya a irin wannan hali cin haƙƙin gari ne, don da kuɗin hayar nan ake sayen fenti da ƙwan fitila, a gyara rufin da ke yoyo. Mafi muni shi ne a samu yafiya sannan a nemi takardar shaidar biya don a kai wa mai tallafi. Wannan sata ce, kuma tana jefa ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta takardar cikin bala'i. Inda kuɗi ya ɗan samu, a nemi ragin rabi maimakon yafiya gaba ɗaya. Ya fi saurin samun amincewa, kuma wanda ya biya wani abu ba a cika ɗaga shi daga ranarsa ba.

Cikin mako biyu da gama taro muka kai wa hukumar wasiƙar godiya ta ofishin karɓar wasiƙu, haɗe da rahoton taron, takardar sa hannun mahalarta ta kowane wuni, da shafi ɗaya da ya ware shawarwarin da suka shafi birnin kai tsaye: wurin tsayawar manyan motoci, tsarin tashoshi, da rajistar 'yan kabu-kabu. A rahoton kuɗi mun rubuta adadin da aka yafe a layin gudummawar hukumar birni, da lambar shawarar kantoma a gefensa, muka liƙa takardun karɓar kuɗin mota da wakilan gundumomi suka sa wa hannu. Kwafi ɗaya na dukan wannan ya tafi wurin ma'aji don ya haɗa da takardun shekararsa.